Tarihin gilashin da ke faɗaɗa hoton majigi

Kai da ke haska fim da furojekta a bangon ɗakinka a Barnawa ko Kakuri, ka lura da baƙin layi biyun nan, sama da ƙasa? Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hasken na'urarka a nan yake salwanta. Maganin abin kuwa ya girme mu, bari ka ji.

Kakanninmu sun fara ganin fim ne a motar majigi da gwamnatin Turawa ke yawo da ita gari-gari. Hoton wancan zamani ɗan tsukuku ne, faɗi 4 tsayi 3. To a farkon shekarun 1950 talabijin ta fara ƙwace wa gidajen sinima 'yan kallo a Amurka. Sai kamfanin Fox ya sayi dabarar wani Bafaranshe, Henri Chrétien, wadda ya ƙirƙiro tun shekarun 1920: a matse hoto wajen ɗauka, a buɗe shi wajen haskawa. Aka raɗa mata CinemaScope, fim na farko shi ne The Robe a 1953. Indiya ta bi sahu a 1959 da Kaagaz Ke Phool.

Amma fa kowane gidan sinima sai ya samu gilashin buɗe hoton. Nan Robert Gottschalk na kamfanin Panavision ya fito da Super Panatar a 1954: firizim biyu da ake juyawa har hoto ya yi faɗin da ake so.

Wannan dabarar ce za ka iya kwaikwaya. Firizim gilashi ne mai kauri a gefe ɗaya, siriri a ɗayan, kamar bakin gatari. Samo biyu, ko mai yankan gilashi ya haɗa maka ka cika su da ruwa. Jera su gaban furojekta, kaurin wannan ta dama, na wancan ta hagu. Miƙa hoton sama da ƙasa a saitin na'urar har baƙin layin ya ɓace, sannan ka riƙa juya su a hankali har fuskokin mutane su daidaita.

Za ka ga ja da shuɗi a gefen hoto, kada ka damu, halin firizim ke nan. Ja furojektar baya, abin zai ragu. Gwada ka gani, malam.