Mu San Ƙasarmu: Gundumar Madarumfa

Jama'a na gida da ƴan uwa mazauna Kano, Legas, Agadas da sauran wurare, ga taƙaitaccen bayani kan Madarumfa. Wanda yake son fahimtar wannan gunduma, to ya dubi kudu, don daga can ruwanta yake zuwa, daga can kuma rabin cinikinta yake fitowa.

Inda take

Madarumfa tana kudancin jihar Maraɗi, a kan iyaka da Najeriya. Daga birnin Maraɗi zuwa garin Madarumfa tafiyar kamar kilomita 25 ce. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jigawa da fadama, kuma tana cikin yankunan Nijar da suka fi samun ruwan sama, wajen milimita 500 zuwa 600 a shekara, daga Yuni zuwa Satumba.

Gulbin Maraɗi shi ne jijiyar yankin. Daga Najeriya yake tasowa, ya bi ta madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, ya shigo Nijar ta wajen Nyelwa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Ba ya gudu sai da damina, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya, yawan ruwan da ke iso mana ya dogara da abin da aka sako daga can.

Tafki da daji

Tafkin Madarumfa, wanda gulbin Gabi ke zuba wa ruwa, yana cika ya bazu da damina, ya ja baya da rani. Masunta na kama tarwaɗa da karfasa, makiyaya na shayar da dabbobi, tsuntsaye masu ƙaura kuma na yada zango a bakinsa. A kewayensa ne ake da kaburburan waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta, musamman lokacin Mauludi. A shekarar 2006 Nijar ta sanya tafkin da dajinsa da kaburburan a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya, a 2019 kuma ya shiga yarjejeniyar Ramsar mai kare dausayoyi. Babbar barazanarsa ita ce yashi da laka da ruwa ke kwasowa yana cike shi sannu a hankali. Can kudu kuma akwai dajin Baban Rafi, inda ake samun itace da kiwo.

Jama'a

Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar na da mutum kusan dubu 450, ƙaramar hukumar Madarumfa ita kaɗai sama da dubu 70. A lokacin jihar Maraɗi na da mutum miliyan 3.4, Nijar baki ɗaya miliyan 17. Yau adadin ya wuce haka nesa. Mafi yawa Hausawa ne Katsinawa, waɗanda tarihinsu ke haɗe da sarakunan Katsina da suka kafa Maraɗi bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19. Akwai kuma Fulani da Buzaye. Kun dai san yadda abin yake: gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne ke rabonta. Wannan ƙarancin gona na cikin abin da ke tura samari cin rani.

Mulki

Gundumar na da ƙananan hukumomi shida: Madarumfa, Ɗan Isa, Gabi, Jiratawa, Safo da Sarkin Yamma. Parfe ne ke wakiltar gwamnati a gunduma, a ƙarƙashin gwamnan jihar Maraɗi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kawo majalisar CNSP ƙarƙashin Janar Abdurahaman Tiani, an rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Sarakunan gargajiya da masu gari na nan da aikinsu na sulhu, musamman rikicin gona, gado, da na manoma da makiyaya.

Abin dogaro

Da damina hatsi, dawa, wake, gujiya, riɗi da aya. Da rani sai a gangara fadama: tumatir, albasa, tattasai da salati. Filin noman rani na Jiratawa, mai faɗin kadada sama da 500 ƙarƙashin kulawar ONAHA, yana ciyar da dubban gidaje, kuma zogalen yankin har Yamai ake kai shi. Manoma da yawa sun rungumi sassaben zamani, wato barin tsiron gawo da kalgo ya girma a gona maimakon sare shi.

Sai iyaka. Babbar hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa ta bi. Dabbobi da wake na tafiya kudu, man fetur da masara da kayan masarufi na tahowa arewa, naira da sefa na yawo tare a kasuwa. Shi ya sa in iyaka ta yi atishawa, tukunya ce ke kama mura. Mun gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun kuma sake gani da takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yulin 2023, har aka buɗe a Maris 2024. Ta wannan iyaka ce kuma ƴan bindiga masu satar shanu da mutane suka addabi ƙauyukan kudu, wajen Gabi da Baban Rafi, har wasu suka bar gonakinsu. A gefe guda, layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 ta Jibiya zai shigo, kuma ƴan kasuwa na zuba ido.

Dattawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ruwa da kasuwa na zuwa daga kudu, amma kare tafki daga yashi, barin itace a gona da sa yara makaranta, aikinmu ne mu da kanmu, na gida da na waje. Allah ya ba mu damina mai albarka da zama lafiya.