Tarihin Ɗinkin Kunne

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, watau mutum yakan ji labarin abin da ya faru tun ba a haifi kakansa ba. To, shi kansa kunnen yana da nasa labari, gama mutane sun daɗe suna neman dabarar gyara shi in ya yage, ko ya guntule, ko an haifi yaro da shi ba daidai ba.

A ƙasar Danja, kamar sauran ƙasar Hausa, akan huda wa 'ya mace kunne tun tana ƙarama. Tsofaffin mata ke yi da allura da zare, in hujin ya warke a sa mata 'yan kunne. Wani lokaci nauyin ɗan kunne yakan ja fatar har ta tsage, ko kuwa goyo ya fizge shi. Wata kuma sai nama ya tsiro mata a bakin hujin, ya yi ta girma har ya kai goro. A da, in haka ta faru, wurin wanzami ake zuwa, don shi ke da aska, shi ke yin kaciya da ƙaho da tsaga. Amma aska ba ta haɗa abin da ya rabu, saboda haka mai yagaggen kunne sai ta rufe da kallabi, ta haƙura.

Daga ƙasar Indiya aka fara jin labarin ɗinkin kunne. Mutanen can su ma masu sa manyan 'yan kunne ne. Wajen shekara dubu biyu ko fiye da suka wuce, an yi wani masanin magani ana ce da shi Sushruta. A cikin littafinsa ya bayyana hanya goma sha biyar ta haɗa fatar kunne. In fatar ta ɓace duka, sai ya yanko daga kumatu ya cike gurbin, amma ba ya tsinke ta daga jiki sai ta kama, don kada jini ya daina kai mata ta mutu.

A ƙasar Turai kuwa, wani likitan birnin Bolonya na Italiya, mai suna Tagliacozzi, ya buga littafi cikin 1597 a kan gyaran hanci da leɓe da kunne. Amma a zamanin nan fiɗa azaba ce, ga zafi, ga rauni yana ruɓewa. Sai a 1846 aka fara sa mutum barci da magani a gaban likitoci a Amurka kafin a yanka shi, a 1867 kuma Likita Lister na ƙasar Birtaniya ya nuna yadda ake kashe ƙwayoyin cuta a rauni. Daga nan ne fa aikin ya sami ƙofa.

Cikin 1881 aka kai wa Likita Edward Ely na birnin New York wani yaro mai shekara 12, kunnuwansa sun miƙe waje fatan-fatan, abokansa sun dame shi da ba'a. Likitan ya rage fata da guringuntsi daga bayan kunnen, ya ɗinke, kunne ya kwanta. A 1963 Likita Mustardé ya fito da hanyar tanƙwara guringuntsin da zare kurum. Shi kuwa yaron da aka haifa da ɗan guntun kunne, Likita Tanzer na Amurka ne ya buɗe masa hanya cikin 1959. Yakan ɗebo guringuntsi daga haƙarƙarin yaron, ya sassaƙa shi siffar kunne kamar yadda masassaƙi ke fitar da ƙota, kana ya cusa ƙarƙashin fata. Da yake naman jikinsa ne, jiki ba ya ƙin sa.

Yau wannan ilmi ya iso ƙasarmu. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962, babban asibitinta na koyarwa kuwa yana Shika, a kan hanyar Funtuwa, inda ake da likitoci masu gyaran sassan jiki. Mutumin Danja yana iya fara zuwa asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, in abin ya fi ƙarfinsu su ba shi takarda zuwa can.

Sai dai akwai abu uku da ya kamata magidanci ya riƙe. Na farko, ba a gyaran miƙaƙƙen kunne sai yaro ya kai shekara biyar ko shida, lokacin da kunnen ya kusa gama girma. Na biyu, ɗinkin nan siffa yake gyarawa, ba ya maganin kurumta. Na uku, naman da ke tsirowa a bakin huji ya fi kama baƙar fata, in kuwa aka yanke shi kurum yakan komo, sau da yawa ma ya fi na da girma. Shi ya sa likitoci ke bin yankan da allura a cikin tabon har 'yan watanni. Yarinyar da ya taɓa fito mata, kada a sāke huda ta, kada kuma a kai ta a sa masa aska a gida.