Tsadar Ingirici da Ciyar da Dawaki a Hunturun 1816-1817

A watan Afrilu na 1815 dutsen Tambora na ƙasar Indunusiya ya yi aman wuta, ƙurarsa ta rage wa duniya hasken rana. Sakamakon haka, a watan Yuni na 1816 dusar ƙanƙara ta sauka a arewa maso gabashin Amurka, daidai lokacin da ciyawa ke tasowa. Ingiricin da manoma suka tanada bai taka kara ya karya ba. Da hunturu ya kama, ƙanƙara ta rufe makiyaya, farashinsa ya hau, aka shiga karyar da dabbobi. Doki kuwa, shi ne abin hawa, shi ne mai jan kaya zuwa kasuwa. Wannan ƙunci yana cikin dalilan da suka tayar da iyalai da yawa zuwa yamma, musamman Ohayo, a 1817.