1985: Fortaleza ta ce a rage tiyata, Zariya ta ce a zo da wuri

In ka taɓa zaman jiran mai naƙuda a barandar asibiti a Funtua ko Malumfashi, ka san yadda gaba ke faɗuwa idan likita ya fito ya ce sai an yi mata aiki. Ba a rasa mai cewa likitocin yanzu sun cika saurin ɗaukar wuƙa. Zargin nan yana da tarihi, sai dai ba a ƙasarmu ya faro ba.

A 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a birnin Fortaleza na Brazil, inda tiyatar haihuwa ta zama ruwan dare. Suka ce babu hujjar a yi wa fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu haihuwa aiki, domin aikin da ba dole ba yana iya jawo zubar jini, ya kuma bar tabo a mahaifa da kan ba da matsala a ciki na gaba. Maganar ba ta yi tasiri ba: yau fiye da rabin jariran Brazil ta tiyata ake ciro su. A 2015 hukumar ta daina kafewa kan adadi, ta rungumi tsarin likita Michael Robson, wanda ya kasa masu haihuwa gida goma, kamar mai haihuwar fari, mai tagwaye da wadda aka taɓa yi wa aiki, don kowane asibiti ya gane inda wuƙarsa ta yi yawa.

To, mu dawo gida. A 1985 ɗin dai Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa bincikensa kan haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya. Waɗanda suka fi mutuwa su ne matan da ba su je awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Doguwar naƙuda irin wannan ce ke kai mata asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 3 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi ta tiyata. Ka ga ke nan, matar ƙauyen Bakori ba yawan aiki ne damuwarta ba, samunsa a kan lokaci ne. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyata kyauta ga mata marasa hali. Kuɗin motar da za ta fito da ita cikin dare, ga damina, wannan yana wuyan mijinta.