Gaya da Ajingi: Ƙofar Gabas da Kano Ta Manta

Duk lokacin da aka tashi tallar Afirka ga masu yawon buɗe ido, hotunan da ake ɗagawa sanannu ne: dalar Masar, namun dajin Kenya da Tanzaniya, masallatan Tambutu, wani lokaci hasumiyar Agadas. Wuraren nan sun cancanci yabo. Sai dai girman nahiyar a tarihi ya ginu ne a kan hanyoyi, waɗanda gishiri da goro da littattafai suka bi daga wannan gefe zuwa wancan, kuma hanya ba ta rayuwa sai da garuruwan da ake yada zango. Gaya, a gabashin Jihar Kano, tana cikin irin waɗannan garuruwa, ita da ƙasar Ajingi da ke arewacinta. Ina ganin wanda ya ziyarci Dala da Kurmi da Gidan Makama ya juya, bai taka Gaya ba, rabin labarin Kano ya ji.

A fara da shimfiɗar ƙasar. Kogin Kano da na Challawa suna haɗewa kafin Wudil, ruwan ya nausa arewa maso gabas ta wajen Ringim da Haɗeja, ya bi ta Yobe yana neman Tafkin Chadi. Wanda ya fito daga birni ya haye gadar Wudil ya shiga wata ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai jigawa, ƙasar gero da dawa da wake da gyaɗa, inda kuka da tsamiya da gawo ke tsaye a tsakiyar gonaki. Wannan kwarin kogi shi ya haɗa Kano da Barno, daular da ta daɗe tana da ƙarfin faɗa-a-ji a tsakiyar Sudan. Ayari yana bin inda ruwa da ciyawa suke, haka ma rundunar yaƙi. Saboda haka garin da ya zauna tsakanin Kano da gabas ya zama mai gadi, ya kuma zama mai masauki.

Ruwayar da ta shahara a Kano tana cewa wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya sauka a gindin Dala, kuma ana danganta Abagayawa, maƙeran asali na birnin, da wannan ƙaura. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ƙara bayani. Ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro da ke arewacin Ghana ta yau. A zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463, Agalfati ɗan Sarkin Machina ya zo Kano aka ba shi Gaya, ɗan'uwansa kuma ya samu Haɗeja. A wannan zamanin dai littafin ya ambaci zuwan Fulani daga Mali da littattafai, da yawaitar gishirin Azbin, da kwararowar Barebari. A duba yadda abubuwan suka jeru: an buɗe hanyar gabas, sai ga sarauta daga gabas ta zauna a Gaya. Sarkin Kano ya san cewa wanda ya riƙe Gaya ya riƙe masa ƙofa.

Ƙarfin garin ya ƙara fitowa bayan shekara ɗari biyu. A zamanin Sarki Dadi, 1670 zuwa 1703, Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya hana haraji shekara uku, kuma ba a ci shi da yaƙi ba, sai da aka yaudare shi ya zo ganawa aka kashe shi. Amma 'yarsa Mariyama ita ta haifi Muhammadu Sharefa, wanda ya mulki Kano daga 1703 zuwa 1731, kuma a lokacinsa mutanen Gaya suka yi ƙarfi a fada. Garin da zai iya juya wa Kano baya shekara uku, sannan jikansa ya hau gadon Kano, ba ƙaramin gari ba ne.

Za a ce labarin maƙerin tatsuniya ce. Gaskiya ne ba a rubuta shi a lokacin da ya faru ba, kuma shekarun Tarihin Kano lissafi ne da aka yi daga baya. To amma masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7, wato ƙasa da kanta ta tabbatar cewa maƙera na cikin waɗanda suka fara zama a wurin. Abin da ya rage shi ne a yi irin wannan tono a Gaya da kufayen da ke kewaye da ita har zuwa Ajingi, a ga ko kashin tama zai gaskata ruwayar. Shakka a nan dalili ce ta yin bincike.

Za a kuma ce babu abin kallo sai ginin ƙasa, kuma mutanen da ke neman asibiti da ruwan sha da takin zamani ba su da lokacin zancen baƙi. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba zan ce yawon buɗe ido zai ciyar da Ajingi ba. Amma ginin ƙasa haka yake ko'ina a Sahil: Agadas ma da ƙasa aka gina ta, kulawa ce ta kai ta jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. Baƙon da Gaya ke buƙata da farko ba Bature ba ne. Ɗan makaranta ne daga Fagge ko Dutse, da ɗalibin Jami'ar Bayero ko ta Wudil, wanda zai zauna gaban maƙeri ya ga ana zuga wuta har ƙarfe ya yi ja, ya ji marokan fada suna jero sarakuna. Wannan ba ya cin kuɗin gina asibiti.

Sarautar Gaya ta sha juyi a 'yan shekarun nan: an ɗaga ta zuwa masarauta a 2019, aka rushe a watan Mayun 2024, aka dawo da ita a matsayin mai daraja ta biyu a watan Yulin shekarar, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. An yi ta muhawara a kan sanda da daraja, tarihin da ake kafa hujja da shi kuwa yana bakin tsofaffi da ke raguwa kowace shekara. Ya kamata masarautar da jami'o'in nan biyu su naɗi maganar dattawan, su auna kufayen, su kafa ko da ɗaki ɗaya ne na tarihi a Gaya, tun masu sani suna raye.