Ayus: bishiyar da ke ba kafintoci farin katako

Farin katakon nan marar nauyi da ake gani a kasuwannin katako na Yamai, Maraɗi ko Injamena, galibi daga bishiya guda yake fitowa. A Kamaru ana ce mata ayus, a Kwaddibuwa samba, a Gana wawa, a Najeriya kuma obeche. Masana tsirrai sun raɗa mata suna Triplochiton scleroxylon, kuma dangin goro ce da koko.

Tana fitowa ne a kurmi, daga Gini har zuwa Afirka ta Tsakiya da Kwango, musamman inda ake samun ɗan rani, domin takan zubar da ganye idan ruwa ya ɗauke. Tsayinta kan kai mita 50. Gangar jikinta miƙe take sambal, wani lokaci har mita 30 babu reshe, gindinta kuma yana da fiffike masu faɗi da ke tallafe ta. Ganyenta kamar tafin hannu yake, mai yatsu 5 zuwa 7.

Rashin nauyi shi ne kasuwarta. Busasshen katakonta bai cika wuce kilo 400 a kowace mita kubik ba, alhali na loko ya haura 600. Yana da sauƙin yanka da gogewa, yana karɓar ƙusa ba tare da tsagewa ba, yana shan fenti da gam. Shi ya sa ake yin filawud da shi, da silin, da akwatuna, da cikin kujeru da kabad. A Turai har bencin ɗakin wankan tururi ake yi da shi, saboda ba ya ɗaukar zafi.

Sai dai katakon cikin ɗaki ne. Gara da ƙwaro na cinsa, danshi na sa ya yi baƙi-baƙi ya ruɓe, don haka wanda ya yi ƙofar waje da shi ba magani, ya shirya sake wata. Ƙurarsa ma tana jawo wa wasu kafintoci asma.

A Kamaru ayus na sahun gaba a itatuwan da aka fi sara, musamman a jihar Gabas. Matsalar ita ce bishiyar ba kowace shekara take yin 'ya'ya ba, irin kuma ba ya daɗewa yake mutuwa. Masu gandun daji sun koma dasa yankakkun rassa, amma sara ya fi dashe sauri nesa ba kusa ba.