Halin da zuciyar mace ke shiga yayin neman haihuwa a asibiti

Likitoci na ɗaukar ma'aurata a matsayin masu matsalar haihuwa idan suka shafe wata 12 suna tarawa ba tare da ɗaukar matakin hana ciki ba, kuma ciki bai shiga ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya a duniya kan gamu da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa. Matsalar kan fito daga mace, ko daga namiji, ko daga su biyun, wani lokacin kuma a yi duk gwaje-gwaje a rasa sanadi. Sai dai a ƙasar Hausa mace ake kira juya, ita ake yi wa gori a gidan suna, kuma yawanci ita ke fara zuwa asibiti, alhali gwajin maniyyi ya fi gwaje-gwajen mace sauƙi da arha nesa ba kusa ba.

Matakan jinya da abin da suke jawowa

Jinyar kan fara da ƙwayoyin da ke taimaka wa ƙwai ya fito, irin su Clomid, wadda kan sa wasu mata jin zafi a jiki da saurin fushi. Idan hakan bai yi ba, akan iya zuba maniyyin miji kai tsaye cikin mahaifa. Mataki mafi nauyi shi ne dashen ciki, wanda likitoci ke kira IVF, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a mayar cikin mahaifa. An haifi jaririyar farko ta wannan hanya, Louise Brown, a Ingila a 1978. A Abuja, asibitin Nisa Premier ƙarƙashin Dokta Ibrahim Wada ya samu irin wannan haihuwa a 1998.

Mace mai dashen ciki kan sha allura kullum na tsawon kwana goma zuwa sha biyu, ana duba ta da na'urar hoton ciki, kafin a ciro ƙwai. Bayan kwana uku ko biyar ake yin dashen. Daga nan sai jiran kimanin mako biyu kafin gwajin jini. Wannan jira shi ne mata da yawa ke kira mafi wahala a duk jinyar, domin babu sauran abin yi sai sauraro. Abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne maganin da ake ba ta don riƙe dashen yakan kawo kasala da ciwon nono, wato alamomin da aka saba gani a farkon ciki, sai ta sa rai, kwatsam jini ya zo. Alƙaluman hukumar da ke sa ido kan wannan aiki a Birtaniya sun nuna cewa ko ga matan da ba su kai shekara 35 ba, kimanin dashe ɗaya cikin uku ne ke kaiwa ga haihuwa, kuma adadin yana raguwa sosai bayan shekara 40. Ke nan rashin nasara a karon farko shi ne abin da ya fi faruwa, kuma macen da aka bayyana wa haka tun farko ba ta cika zargin kanta ba.

A Najeriya kuɗin zagaye ɗaya ya kai miliyoyin naira, galibi daga aljihu ake biya. Wata ta sayar da gwal, wata ta kwashe jarin shago ko ta ci bashin kofaretib na ofis. Idan dashe ya faɗi, asara biyu ake yi a rana ɗaya, kuma ba a zaman makoki a kai, domin da yawa sun ɓoye jinyar ko ga 'yan'uwansu.

Shin damuwa ce ke hana ciki?

Wani bincike da Alice Domar da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 1993 ya gano cewa fargaba da ciwon damuwa a tsakanin mata masu neman haihuwa sun yi daidai da na mata masu fama da ciwon daji ko na zuciya. Amma hakan bai nuna cewa damuwar ce ke hana ciki ba. A 2011 Jacky Boivin ta Jami'ar Cardiff da abokan aikinta sun tattara bincike 14 da suka shafi mata fiye da 3,500, suka tarar cewa damuwar da mace ke ciki kafin fara jinya ba ta sauya sakamakon zagayen ba. Saboda haka maganar nan da ake yawan faɗa wa mace cewa ta kwantar da hankalinta ciki zai zo, ko da an faɗe ta da kyakkyawar niyya, ɗora mata laifin da ba nata ba ne. Inda damuwa ke yin ɓarna a fili shi ne wajen sa ma'aurata su watsar da jinya tun kafin likita ya ce a dakata.

Ga wasu Musulmi akwai kuma wasiwasin halacci. Tun 1980 Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jadul Haƙ, ya ba da fatawar cewa dashen ya halatta matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, auren kuma yana nan.

Kulawar da ta kamata

A 2015 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta fitar da ƙa'idar da ta ɗora kula da halin zuciyar majinyata a kan dukan ma'aikatan asibiti, daga likita har nas. A gida kuwa, abin da ya fi tasiri shi ne miji ya yi nasa gwajin, ya raka matarsa ganin likita, ya kuma tsaya tsakaninta da tambayoyin danginsa. Barazanar kishiya a tsakiyar jinya na daga cikin abubuwan da suka fi karya mace. Yana da amfani ma'aurata su yanke tun farko zagaye nawa za su iya, da wanda za su sanar.

Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu tare da rashin barci, ƙin abinci, ko kasa zuwa aiki, lokacin ganin likitan ƙwaƙwalwa ya yi. Asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, suna da wannan sashe, haka ma asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri. Wadda ta fara tunanin kashe kanta kuwa a kai ta a ranar, a kuma shaida wa likita duk magungunan haihuwar da take sha.